Dillali da La'ada: Yadda Ake Ciniki Ta Hannun Wani a Kasuwannin Sakkwato

A Kara ta Sakkwato, ko Illela ranar Lahadi, ko Achida ranar Laraba, da wuya mai dabba da mai saye su ƙulla ciniki su biyu kaɗai. Kusan kullum akwai na uku a tsakani, wanda igiya take hannunsa amma dabbar ba tasa ba ce. Shi ne dillali, mace dillaliya, sana'ar kuma dillanci. Kalmar daga Larabci ta shigo mana, daga dallal, wato mai nuni: ya nuna wa mai kuɗi inda kaya suke, ya nuna wa mai kaya inda kuɗi suke. Ladan aikinsa shi ne la'ada, ita ma Larabci ce, daga al'ada, abin da aka saba bayarwa. A riƙe wannan, domin yawancin rigimar dillanci daga nan take tasowa. Kowa sai ya ce "yadda aka saba", alhali abin da aka saba a Kara daban, na 'yan albasa a Ramin Kura daban, na masu filaye daban.

Gidajen rediyo sun buɗe kalmar sosai. Muna jin kamfanin dillancin labarai, dillalan man fetur, har da dillalan ƙwaya da na makamai. A bakin 'yan kasuwa kuwa ma'anar a tsuke take. Dillali ba ya sa jarinsa a kaya, ba ya mallakarsu ko da na awa ɗaya ne, in farashi ya faɗi ba shi ke kuka ba, in ya tashi ba shi ke dariya ba. Ana biyansa don abu biyu: ya haɗa mutane, sannan ya tsaya a kan maganarsa cewa ya san wannan, ya san wancan. Na biyun ne mai tsada, shi ne kuma mutane suka fi mantawa su nema.

Da farko: kayan wa ne?

Kafin ka taya, ka san da wa kake magana. Masu tsayawa tsakanin manomi da tukunya suna da yawa, kuma kowa da inda yake cin abincinsa.

Ɗan baranda yana saye da kuɗinsa, ko da bashi na ɗan lokaci. Ya tare mutumin ƙauye da safe, ya karɓi akuya, ya sayar da ita kafin la'asar a cikin kasuwar nan. Riba yake nema, in ta juya masa baya ya yi asara. Mai sari yana ɗaukar kaya da yawa ya sayar kaɗan-kaɗan. Dila yana karɓa daga kamfani, kamar masu ɗauko siminti tirela-tirela daga masana'antar Kalambaina su rarraba wa masu shaguna. Ɗan kamasho na tasha ne, ya cika mota a ba shi nasa. Fatoma, ko maigida, shi ne mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, ya ba su makwanci, ya ajiye musu kaya da kuɗi, galibi kuma yana da dillalai a ƙarƙashinsa. Sai 'yan kayi-nayi, waɗanda ba su da rumfa ba su da turke, waya ce shagonsu.

Amfanin rarrabe su shi ne: wanda kayan suke nasa ba ya da haƙƙin la'ada a kanka, ribarsa tana cikin farashi. Wanda kayan ba nasa ba kuma ba ya da ikon sallamawa ƙasa da abin da mai su ya yanka masa. Akwai masu son su ci biyun, su saya da safe a matsayin 'yan baranda, su sayar maka da rana a matsayin dillalai, su ci riba su kuma miƙo hannu. Tambaya ɗaya take warware wannan, a yi ta cikin ladabi bayan gaisuwa: "Alhaji, wanga rago naka na, ko ba ka shi anka yi?" In ya ce ba shi aka yi, ka ƙara: "Mai shi na kusa?" Dillalin gaske ba ya jin zafin wannan tambayar.

Na biyu: wa ya san shi?

Kada ka zaɓi dillali don ya fi kowa saurin tarbarka a bakin kasuwa. Kowace kasuwa mai tsari tana da shugabanni: sarkin kasuwa, shugaban dillalai, shugabannin ƙungiyar masu irin wannan haja. In baƙo ne kai, je wurinsu ka gabatar da kanka, ka ce ga abin da ka zo da shi ko ka zo nema, su haɗa ka da mutum. Wanda shugaba ya miƙa maka da hannunsa ya san in ya ci amanarka akwai inda za a kai ƙararsa kafin rana ta faɗi.

Abin dubawa kaɗan ne. Yana da wurin zama sananne, rumfa ko turke ko shago, inda za ka same shi kasuwa mai zuwa? Maƙwabtansa na rumfa suna kiransa da sunansa? Wannan hajar ce sana'arsa? Gwanin shanu, wanda zai kalli bokolo ya faɗa maka nauyin namansa, yana iya zama jahilin albasa. Wanda ya ce yana dillancin shanu da motoci da filaye da wayoyi da bizar Umara gaba ɗaya, ni dai ba na ba shi ko ɗaya.

Na uku: zaga kasuwa da bakinka a rufe

Dillali yana cin abinci ne daga abin da ya sani kai ba ka sani ba, don haka rage tazarar. Shiga da wuri, ka tsaya kusa da cinikin wasu, ka ji inda ake sallamawa, domin kuɗin da ake ambata da farko ba shi ne farashi ba. Kira wani da ya ci kasuwar da ta gabace ta a makon. Ka kuma san lokacin da kake ciki: rago a makonni biyun da suka rage wa Babbar Salla ba farashinsa ɗaya da na bayan Salla ba, albasa kuwa tana arha lokacin da ake cire ta a fadamun Goronyo da Wurno da Kware, ta yi tsada idan damina ta yi nisa, ta rumbu ta ƙare. In mai sayarwa ne kai, ka yanke wa kanka ƙasan da ba za ka sauka ba tun daga gida.

Na huɗu: yanke la'ada kafin a kwance igiya

Nan ne ya kamata a zauna, don nan ake ɓatawa. Tambayoyi uku ne, kuma a yi su tun kaya suna hannunka ko kuɗi suna aljihunka: nawa ce, wa zai biya, yaushe ta wajaba.

Wa zai biya ya danganta da kasuwa. A kasuwannin dabbobi da yawa mai saye ne ke ɗora ta a kan kuɗin dabba, kowane kai da kuɗinsa, na sa ya fi na rago. A wasu wuraren mai kaya ne, a wasu kuma ana karɓa ta fuska biyu. Karɓa daga ɓangarori biyu ba laifi ba ne in kowa ya sani. Laifin shi ne mutum ya ce maka shi naka ne, alhali wancan ma ya biya shi ya matse ka.

Nawa ce kuma tana zuwa ta hanya uku. Mu ɗauki misali, adadin na misali ne kawai. Ka ba dillali rago ka ce kada ya sauka ƙasa da naira 200,000, ya samu mai saye a 230,000. In kun yanke la'ada tsayayya, a ce 5,000, kai ka tashi da 225,000. In kun yi da kaso, a ce 5 cikin 100, ya ɗauki 11,500, ka tashi da 218,500. In kuwa ka ce masa "abin da ya hau naka ne", ya ɗauki 30,000, kai ka karɓi 200,000 ɗinka ka yi shiru, don da bakinka ka faɗa. Rago ɗaya, ciniki ɗaya, amma tsakanin hanya ta farko da ta uku akwai 25,000.

Malamai sun yi magana a kan duk wannan tun da daɗewa. Bukhari ya buɗe babi a kan ladan dillanci, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin karɓarsa ba, ya kuma kawo maganar Ibn Abbas cewa ba laifi mutum ya ce: sayar da wannan tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza naka ne. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a nan, ya fi tsanantawa. A Muwaɗɗa ya yarda a ambaci farashi a ambaci lada, in an sayar a biya, in ba a sayar ba babu komai. Amma a ce wa dillali yana da kaza a cikin kowane dinari, wannan bai yarda da shi ba, saboda mutum bai san abin da zai samu ba, duk dinarin da ya ragu ladansa ya ragu. Wasu malaman sun halatta kaso, kuma shi ya fi yawa yau a cinikin gidaje. Wanda yake son fita daga saɓani, ya yanke adadi.

A ganina la'ada tsayayya ta fi dacewa da ƙaramin ciniki da kuma mutumin da bai san kasuwa ba. "Abin da ya hau naka ne" ta dace da wanda ya san farashi sarai, yana sauri, ya kuma san zuciyarsa ba za ta tashi ba in ya ji abin da aka samu. Kaso yana sa dillalin mai sayarwa ƙwazo, amma in kai ne mai saye kuma kai ke biyan kaso, ka lura cewa duk tsadar da ka saya shi ƙaruwarsa ce.

Akwai hanya ta huɗu wadda ba yarjejeniya ba ce. Ya sayar 230,000, ya dawo ya ce maka da ƙyar aka kai 205,000, ya soke 25,000, ya karɓi la'ada a wurinka, ya karɓa a wurin mai saye. Wannan ha'inci ne komai sunan da aka ba shi. Maganinsa ɗaya: ka kasance a wurin lokacin sallamawa, ko a haɗa ka da mai saye a waya ka ji adadin daga bakinsa.

Yaushe ta wajaba? Abin da aka sani shi ne sai ciniki ya faɗa. In bai faɗa ba babu la'ada, sai dai ɗan ihsani na wahala in ka ga dama. Ku kuma faɗa tun farko me zai faru in aka warware ciniki daga baya saboda aibi. Ciyawa da ruwan dabbar da ta kwana a turke, kuɗin 'yan dako, harajin kasuwa, duk a san kan wa suke.

Na biyar: tayi da sallamawa

Tsarin sananne ne. Ka tambaya, a ce ka taya. Ka taya, a ce "albarka". Ka ƙara, a sake cewa albarka, har a kai inda dillali zai juya wurin mai kaya, ko ya kira shi, ya dawo ya ce an sallama. Kada tayinka na farko ya zama na raini, yana rufe bakin mai kaya. Kada kuma ka taya abin da ba ka da niyyar saye, domin in aka sallama maka a kan tayinka ka zame, sunanka ya ɓaci a layin nan.

Abubuwa biyu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, kuma dukansu suna nan a kasuwanninmu. Na ɗaya najashu: wani ya zo ya taya da tsada ba don zai saya ba, sai don ya zuga ka ka ƙara. In ka ga mutum ya faɗo cikin cinikinka daga sama, yana ƙari da gaggawa, bai ko taɓa dabbar ba, ja baya ka ce a sallama masa. Sau da yawa za ka ga an biyo ka. Na biyu shiga cinikin wani bayan an daidaita. In ka iske ana ciniki, jira ya faɗa ko ya watse.

An kuma hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa su ji farashi. Mai kawo dabba daga ƙauye ya riƙe wannan: wanda ya tsayar da kai tun kan hanya yana cewa yau kasuwa ta mutu, ƙarasa ka gani da idonka.

Na shida: duba kaya, ka tambayi asalinsu

Ba a cinikin biri a sama. Dabba a buɗe bakinta a ga haƙora, a sa ta yi tafiya, a duba ido da hanci da kofato da ƙarƙashin wutsiya. Cikin da ya cika tim da safe yana iya zama ruwa da dusa, don haka taɓa ƙashin baya da gindin wutsiya, nan ƙiba take. Saniya ko akuyar da hantsarta ta cika ƙwarai, tambayi yaushe aka tatse ta, domin barin nono ya taru don a ruɗi mai saye yana cikin abin da hadisi ya hana. In ta layya ce, ka faɗa wa dillali tun farko, saboda mai ido ɗaya da gurguwa da marar lafiya da ramammiya ba sa isarwa. Albasa da hatsi kuwa kai ne za ka nuna buhun da za a zazzage, kada a zaɓa maka, kuma a zazzage shi har ƙasa. Ku daidaita a kan girman buhu da irin kwanon awo kafin farashi.

Sai babbar magana a wannan zamani, asalin dabba. Satar shanu ta sa a watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama. Wanda aka kama dabbar sata a hannunsa shi zai fara amsa tambaya, kuma karɓar kayan sata laifi ne a doka. A nan ne la'adarka take aiki. Tambayi dillali a gaban mutane: "Baba, ka san mai ita? In magana ta taso, kai za ka kawo shi?" In ya ce e, ya ɗauki nauyi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ya fara kewaye-kewaye, ko farashin ya yi arhar da ba ta da dalili, bar ta. Karɓi rasit na kasuwa, ka ɗauki hoton dabbar da dillalin tsaye kusa da ita. Haka waya da babur: kwali, rasit, takardu, lambar inji.

Na bakwai: kuɗi

Ka biya a gaban mai kaya in yana nan. In ba ya nan, a kira shi ya faɗa da bakinsa cewa a ba dillali, ko ya ba da lambar asusunsa. In taransifa za ka yi, karanta sunan da ya fito da ƙarfi kowa ya ji. In kai ne mai karɓa, kada ka saki kaya don an nuna maka hoton rasit a waya ko don saƙo ya shigo. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. Wanda ya ce sabis ne ya hana, ya jira sabis ɗin tare da kai.

Kafin alƙalami yana da amfani in za a je a dawo, amma a faɗi ranar cikawa, a kuma faɗi makomarsa in mai saye ya fasa. Bashi kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka: a rubuta, a kafa shaidu. Takarda ɗaya ta isa, mai ɗauke da sunaye, irin kaya da adadinsu, kuɗi, abin da aka bayar, abin da ya rage, ranar biya, da sa hannun shaidu biyu. Abin da ake yawan mantawa shi ne matsayin dillali a wannan bashi. Shaida ne kawai, ko ya lamunce? In ya lamunce, ranar biya shi za ka bi. In shaida ne, iyakarsa ya raka ka. A rubuta wanne ne.

Masu aika kaya nesa su ƙara kula. Mai loda albasa zuwa Mil 12 a Legas, ko shanu zuwa Ibadan, yana miƙa dukiyarsa ne ga maigidan da zai sayar ba ya nan, sau da yawa ma bashi ga mahauta ko 'yan kiri. Ku yanke tun kafin mota ta tashi: yana da izinin ba da bashi? Na kwana nawa? Kuɗin mota da na hanya da na sauke kaya daga ina za a cire? Abin da ya ruɓe ko ya mutu a hanya fa? Ka nemi lissafi ranar da aka sayar, kada a bari sai mako ya zagayo. Masu cin kasuwar Illela da Ƙonni kuma su faɗi da wane kuɗi ake magana, naira ko sefa, da canjin wace rana. An rufe iyakar Najeriya da Nijar da ke tsakanin garuruwan biyu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris na 2024. Wanda zai biya kuɗin kayan da suke tsallake ya tambayi kan wa asara take in hanya ta toshe.

Fili da gida: a nan a tafi a hankali

Dillancin ƙasa ya fi kowane haɗari, saboda kuɗin da yawa kuma kayan ba a ɗaukarsu a kai gida. Matsala ta farko jerin dillalai ce. Mai fili ya faɗa wa ɗaya, shi ya faɗa wa wani, kafin maganar ta iso gare ka ta bi ta hannu huɗu ko biyar, kowa ya ɗora nasa. Sharaɗinka shi ne zama da mai fili ido da ido kafin ko kwabo ya fita. La'ada ɗaya za ka biya, su raba a tsakaninsu.

Daga nan sai bincike, kuma kada ka bar wa dillali shi, domin shi sai ciniki ya faɗa yake samu. Je filin da ƙafarka a nuna maka iyakoki huɗu, ka gai da maƙwabta ka tambaye su na wane ne. Je wurin mai unguwa. In filin gado ne, ka ga takardar rabo, ka tabbata duk magada sun yarda, har da mata da waɗanda suke wani gari, domin ɗa ɗaya ba ya sayar da rabon 'yan'uwansa. In akwai takardar shaidar mallaka ta gwamnati, kai lambarta ma'aikatar filaye a duba ko sunan ya dace, ko an jinginar da ita a banki, ko wurin yana cikin hanya ko filin da hukuma ta keɓe. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sauya mallakar fili mai irin wannan takarda yana buƙatar amincewarsa. Takardar ciniki da aka rubuta a ƙofar gida mafari ce kawai, lauya ya ƙarasa sauran. In da hali ka ga wurin da damina, ko ka tambayi inda ruwa yake bi, don fili a watan Maris duk kyakkyawa ne.

Mai neman haya ya tambayi la'adar ejan, wato dillalin gidaje, tun kafin a buɗe masa ƙofa, ya kuma karɓi rasit da sunan mai gida.

Dillaliya da dillalin waya

Tun kafin wayar hannu, dillaliya ce kasuwar matan da ba sa fita. Ta ɗauki atamfa, kwanuka, gado, ɗan kunnen zinariya, ta shiga gida-gida. Ƙa'idar ba ta canza ba, sai dai a nan kunya ce take hana magana. Mace ta ba da kayanta a asirce don wata lalura, ba shaida, ba a yanke lokaci ba, wata uku ana "Hajiya, ba a kawo ba tukuna". A ƙirga kaya a gaban mutum ɗaya amintacce, a faɗi ƙasan farashi, a faɗi ranar da za a dawo da kuɗi ko kaya. Zinariya a auna ta a wurin masu sayar da ita kafin ta bar gida.

Masu sa hotunan kaya a WhatsApp da Facebook da yawansu dillalai ne, kayan suna shagon wani. Ba aibi ba ne, amma ka tambaya kamar yadda za ka tambaya a Kara. Inda hukuma take ba da lasisi kuwa, lasisin za ka fara nema: dillalin hannun jari yana da rajista da hukumar SEC, na inshora da NAICOM, kamfanin da ke kai mutane Hajji da Umara kuma da NAHCON.

In magana ta ɓaci

Fara da dillalin, kai da shi, da shaidarka. In bai yiwu ba, shugaban dillalai ko sarkin kasuwa, waɗanda suke iya hana mutum zama a rumfa, abin da dillali yake tsoro fiye da sammaci. Sai in nan ta gagara a tafi kotu, ko wurin 'yan sanda in akwai sata ko zamba. Aibin da ka gani bayan saye ka kai maganarsa nan take, kada ka yanka ko ka sayar da rabi sannan ka dawo.

Ga mai son shiga sana'ar

Ba a fara dillanci da kai tsaye. Ana bin wani ne, a riƙe masa igiya, a kai saƙo, a saurara, har masu kaya su fara kiran sunanka. Zaɓi haja ɗaya ka san ta ciki da waje. Yi rajista da ƙungiyar kasuwar. Sayi littafi ka rubuta duk abin da aka ba ka: na wane ne, ranar da ya zo, ƙasan da aka yanka maka, wanda ya saya, nawa, an biya ko saura. Kuɗin mutane kada su kwana a aljihu ɗaya da naka, kada kuma ka juya su ko na kasuwa ɗaya ne da niyyar mayarwa, yawancin dillalan da suka gudu daga gari da haka suka fara. Kayan da ba ka san mai su ba kada su hau turkenka ko la'adar ta kai nawa, domin ranar da aka biyo sawu kai za a kira ɓarawon zaune.

Wata rana za a ba ka kaya ka ga arharsu ta yi maka, ka so ka saya da kanka. Malaman fiƙihu sun hana wakili ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar sai da izinin mai shi. Kira shi ka ce: "Alhaji, an taya kaza, ni ina so a kaza, ka sallama mani?" In ya sallama, daga wannan lokaci kai ɗan baranda ne a kan kayan nan, riba taka, asara taka, kuma ba ka da la'ada a wurin wanda zai saya daga hannunka.